Shokan tsohon babur na zubar da mai: yadda ake samo oyil-sil mai sauƙin kuɗi a Sakkwato

Babur ɗin da nake hawa ya girme ni. Honda Roadmaster ne, Baba ya saye shi a farkon shekarun 1980 yana malamin firamare a hanyar Wurno. Da gwiwa ta fara damunsa ya jingine shi a zaure, ni kuma na kakkaɓe shi na tayar. Injin bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya kusa sa in miƙa shi ga 'yan gwangwan wata 'yar roba ce da faɗinta bai wuce bakin kofin shayin Buzaye ba, wato oyil-sil ɗin shokan gaba, mai hana man shoka zubowa.

Ranar da na fara nema, shago bakwai na shiga. Ko'ina sai in ce, "Oyil-sil na shokan Roadmaster nake so." A shagon farko yaron ko kai bai ɗaga ba. A na uku mai shagon ya leƙo ya dubi babur ɗin, ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga mashin ai tun muna yara anka bar kawo kayanai. Ka sai da shi ka huta." A na bakwai aka miƙo mini wani aka ce shi ne, na biya, aka ɗaura. Kwana goma sandar shokan ta sake jiƙewa da mai.

Wani dattijon bakanike da ke aiki gindin dogonyaro a bakin unguwarmu shi ya warware mini. Na ce, "Baba, barka da aiki," na kwashe labari na ba shi. Ya karɓi tsohon sil ɗin da na ajiye a leda, ya tofa masa yawu, ya murje da babban yatsa, ya miƙo mini.

"Karanta mani abin da anka rubuta nan."

Na karanta: 31, sai 43, sai wata lamba da ta goge.

"To ita za ka biɗa. Roba ba ta san sunan mashin ba, ɗana. Sanda ta sani, da rami."

Na koma shagon farko, wurin yaron nan da bai ɗaga kai ba, na faɗi lamba. Ya zaro daga cikin kwali kamar mai ɗauko gishiri.

Dalilin ba boyayye ba ne. Masu ƙera babur ba su ke yin waɗannan robobi ba, wasu kamfanoni ne daban, irin su NOK na Japan, suke yin su bisa awo, awo ɗaya kuma yakan shiga babura iri-iri. Ga shi baburan Sin da suka cika mana titi da yawansu daga Honda CG125 aka kwaikwayo su, wanda ya fito tun 1975. Saboda haka sil ɗin da ake ce maka ya ɓace daga duniya, mai yiwuwa yana rataye a shagon da ka baro, an dai laƙaba masa sunan wani babur.

Kafin ka kashe ko sisi

Fara da tabbatar da cewa shokanka irin mai sil ne. Wanda ake magana a kai shi ne mai sanduna biyu masu ƙyalli da ke shiga cikin wasu bututai na ƙasa suna fita, kamar wuƙa da kubenta. Zan riƙa kiran na sama sanda, na ƙasa kube. Tsofaffin ƙananan Honda irin su C50 da C70, da kuma Vespa, gabansu wani gini ne daban, mai hannu da ke lilo a gindin taya, wannan bayani bai shafe su ba.

Alamar yoyo kowa ya san ta: zoben mai a jikin sanda, ƙura ta bi ta manne ta zama baƙin taɓo, in ka taka birki gaba ya nutse kamar raƙumi zai durƙusa, in ka faɗa rami ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Abin da mutane ke rainawa shi ne inda man ke tafiya. Yana gangarowa ta jikin kube har bakin birkin gaba, in kuwa shu ɗin birki ya sha mai, ya gama aiki, ko ka wanke da fetur man zai sake tsattsafowa da zarar ya ɗau zafi. Na san wanda ya gane haka ne sai da akuya ta gitta masa a hanyar Bodinga.

Ba kowane yoyo ne mutuwar sil ba. A garin nan, daga hunturu zuwa bazara, rairayi mai laushi kan kutsa ƙarƙashin leɓen roba ya ɗaga shi, mai ya samu hanya. Ɗaga robar ƙura da ke sama, ka goge wurin tas. Yanko siririn leda mai tauri, daga jikin gorar ruwa ko tsohon fim ɗin hoton asibiti, ka yi masa baki kamar ƙugiya, ka goge kaifin gefensa. Zura shi a hankali tsakanin sanda da leɓen sil, ka zagaya sau ɗaya, ka jawo shi sama tare da dattin. Danna shoka sau goma, ka goge, ka sake dannawa. In sanda ta dawo a bushe, ka tsira da kuɗinka na wani lokaci. In zoben mai ya dawo, sai mu ci gaba.

Duba sanda tukuna

Nan ma na yi asarar kuɗi, don haka zan ɗan tsaya. Sabon sil a kan sanda mai tsatsa kamar sabuwar riga ce a cikin ƙaya. Babur ɗin da ya shekara a jingine, ko wanda damina ta sha dukansa a tsakar gida, kurom ɗin sandarsa, wato rufin nan mai ƙyalli, yakan ɓuɓɓule, wasu ƙananan ramuka masu kaifin baki su fito. Kowace shiga da fita suna yankar leɓen roba.

Wanke sandar, ka bi ta da farce daga sama zuwa ƙasa, musamman tsawon da ke shiga cikin sil in shoka ya nutse. Ido yakan yi ƙarya, farce ba ya yi. Duk inda ya maƙale, sa alama. In ramukan ba su da yawa, sami samfefa mafi laushi, mai lamba 1000 ko 1200, ka ɗiga mai, ka bi wurin a hankali kana zagaya sandar har kaifin ya kwanta. Ramin da ya yi zurfi, goge shi da fetur ya bushe, ka cike da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka bar shi ya kwana, washegari ka goge ya yi daidai da jikin sanda. Tsatsar da ke can sama, tsakanin maƙallan wuya inda sil ba ya kaiwa, muni kawai take da shi, amma ita ma ka kwantar da kaifinta, don ta nan sabon sil zai bi ya sauka.

In ka kwance sandar, mirgina ta a kan gilashi ko teburi mai santsi. Wadda ta lanƙwashe za ka ga tana ɗingishi, haske na wucewa ta ƙarƙashinta. Sannan ka mayar da ita cikin kube ka girgiza gefe da gefe. Wasa kaɗan dole ne, amma in tana kaɗawa kamar muciya a tukunya, kuben ya cinye ko bushin ya mutu, sil ɗin duniya ba zai riƙe mai ba. A irin wannan hali ne 'yan gwangwan ke da rana: wurinsu ake samun sanda ko kube na kwance. Sil na kwance kuwa ko kyauta aka ba ka, ka bar musu.

Lambobi uku

Sau da yawa ba sai ka kwance komai ba. Ɗaga robar ƙura, ka share saman sil da tsumma da ɗan kananzir, ka haska fitilar waya. Lambobin suna zagaye a fuskarsa ta sama. Ɗauki hoto ka buɗa shi, ya fi ƙura ido.

Ta farko kaurin sanda ce, ta biyu faɗin ramin da sil ke zama a cikin kube, ta uku tsayinsa, duka a milimita. In ka ga 27 39 10.5, sanda 27 ce, rami 39, tsayi goma da rabi. Wani lokaci ta ukun kan zo biyu, misali 8/9.5: ta farko tsayin jiki, ta biyu har da leɓen da ya ɗago sama.

In sun goge, ko kana zargin wani bakaniken baya ya cusa abin da ba shi ba, sai awo. Masu injin sassaƙa ƙarfe da masu sayar da boris suna da ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa, a minti ɗaya za su auna maka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna cikin tsohon sil. Kada ka yi. Ramin roba kullum ya fi sanda ƙanƙanta don ya kama ta, tsohon kuma ya riga ya cinye. Sandar za ka auna, da ramin kube bayan ka cire sil, da zurfin daga inda yake zama zuwa layin da kilif, zoben wayar da ke danne sil, ke shiga.

Ba ma'auni a kusa? Yanko siririyar takarda, ka naɗe sandar sau ɗaya ta kama sosai, ka sa alama da biro inda ta haɗu, ka shimfiɗa a rular yara, ka raba da 3.14. Milimita 85 na nufin sanda 27, 94 na nufin 30, 97 na nufin 31, 104 kuma 33. Ka ga tsakanin 30 da 31 milimita uku ne kacal a takarda, don haka ka auna sau biyu.

Lambobi biyun farko ba sulhu. Sil mai 30 a kan sanda 31 zai shiga da ƙyar, ya riƙe shoka ya hana shi wasa, ya cinye da wuri. Mai 31 a kan sanda 30 tun a ranar zai yi yoyo. Wanda aka sayar mini a shago na bakwai ashe faɗinsa bai cika ramin ba, bakaniken ya naɗa masa zaren buhu ya buga, bai gaya mini ba sai da dattijon nan ya zaro zaren ya nuna mini. Ta ukun ce ke da ɗan sassauci. Tsakanin 10.3 da 10.5 ba abin damuwa. Amma in ramin na goma ne ka kawo mai 12.5, zai rufe layin kilif, kilif ba zai zauna ba, ranar da ka faɗa babban rami sil ya yi tsalle ya fito. Wanda ya gaza tsayi da milimita ɗaya ko biyu ana iya cike samansa da washa mai faɗin ramin, kilif ya danne.

Inda za ka nema, da abin da za ka ce

Rubuta lambobin a takarda, ka sa tsohon sil a leda, in da hali ka ɗauki kuben ma a buhu. Fara da shagunan kayan babur na kewayen Babbar Kasuwa da titin Emir Yahaya. Kada ka ajiye babur ɗin a bakin shago. Da mai shago ya hango tsohon ƙarfe, ɗayan biyu ne: ko ya ce babu tun kafin ya duba, ko ya gane ka matsu ya ɗaga kuɗi. Gaishe shi, ka ce, "Alhaji, oyil-sil na shoka, talatin da ɗaya da arba'in da uku." In yaron shago bai saba da lamba ba, da yawansu sunan babur kawai suka haddace, roƙe shi ya fito maka da duk irin da yake da su, na Boxer, na Jincheng, na manyan baburan da ake kawowa na hannu, ka karanta lambar jikin kowanne da kanka. Kada ka yarda da ɗora tsoho a kan sabo a ce "ka gani, daidai." Bambancin milimita ɗaya ba ya ganuwa a haka.

Tambayi 'yan kabu-kabu ma. Su ke cinye sil fiye da kowa a garin nan, sun san shagon da kayansa ke wata shida da wanda ke sati biyu, kuma ba su da dalilin ɓoye maka.

In masu kayan babur sun gaza, wuce wurin masu sayar da boris da sil na injin niƙa da injin ban-ruwa. Su da lamba suke ciniki tun asali, za ka ji daɗin magana da su. Sai dai ga wani tarko. Yawancin abin da ke hannunsu an yi shi ne don shaf mai juyawa, irin wanda ake rubuta wa TC. Shoka kuwa ba juyawa yake ba, shiga da fita yake, kuma duk lokacin da ya nutse mai na tunkuɗo robar da ƙarfi. Sil ɗin shoka na gaskiya leɓensa ya fi kauri da tsawo, wasu da sifirin biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, irin da ake rubuta wa DC ko DCY. Ka fara tambayar wannan. In babu sai TC mai leɓe biyu, zai kai ka wani lokaci a ƙaramin babur da ba ya ɗaukar kaya, amma ka sani aro ka yi, ka ci gaba da neman na ainihi.

Akwai kuma tsofaffin 'yan kasuwa da suka sayar da kayan Honda da Suzuki da Yamaha tun zamanin da ake harhaɗa su a ƙasar nan, lokacin da Honda ta kafa masana'antarta a Ota a 1979, Boulos kuma na haɗa Suzuki a Legas. Wani zai shiga ƙuryar shago ya fito maka da sil a ledarsa ta asali, rubutun Japan a jiki, zuciyarka ta yi fari. Yi hankali. Ƙarfe yana jira, roba ba ta jira. Wadda ta shekara talatin a shagon kwano, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ta riga ta tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Ni na fi son sabon sil na Indiya ko Taiwan da aka yi bara a kan na Japan da ya ga mulkin soja. In dai za ka saya, gwada shi kamar yadda zan faɗa a ƙasa.

Sakkwato ta gaza? Kano ce ta gaba, kasuwar Kofar Ruwa da shagunan Sabon Gari, sai Nnewi a jihar Anambra, wadda ita ce uwar kasuwar kayan babur a Najeriya. Ba sai ka je ba. Yawancin masu shagon nan daga can suke sari, ka ba wanda ka yarda da shi lamba da ɗan kafin alƙalami ya haɗo maka cikin kayansa, ya fi arha a kan a yi maka aike na musamman ta tasha. Ka ce a turo hoton sil ɗin ta WhatsApp, lambar jikin robar na fitowa, ba ta jikin kwali ba, kafin ka tura kuɗi.

Intanet shi ne na ƙarshe a wurina. A AliExpress ko eBay, lambobin uku za ka rubuta, ba sunan babur ba. Da ka sa sunan tsohon babur sai a jera maka kayan masu tara baburan tarihi na Ingila da Amurka, roba ɗaya, kuɗi ninki-ninki. Kuɗin aike ma yakan fi na kayan, ga jira na makonni. In dole ne, ku haɗu ku uku ko huɗu masu tsofaffin babura ku yi oda ɗaya.

Gwajin hannu a bakin shago

Fito da shi daga leda, mai shagon da ya hana ka taɓawa ka bar masa kayansa. Lanƙwasa leɓen ciki da yatsa: mai rai zai dawo nan take, matacce zai tsaya ko ya nuna ƙananan tsaga. Juya shi ka tabbatar siririn sifirin ɗin nan na zagaye a cikin leɓe, ba tsatsa, bai saki ba. Bi bakin leɓen da yatsa, ya zama sumul, ba gemun roba da ya rage daga wurin zubi. Matsa jikin gaba ɗaya, akwai zoben ƙarfe a ciki, bai kamata ya lotsa ba. Wanda ke rataye a igiya a bakin shago rana na dukansa, ce a ba ka na cikin kwali.

Tambarin NOK a jiki ba hujja ba ce, masu jabu ma sun iya rubutu. In an ce maka akwai mai arha akwai mai tsada, karɓi duka biyun ka gwada a hannu, sau da yawa yatsa zai gaya maka ko bambancin kuɗin na da dalili. Kuma biyu za ka saya, ko da ƙafa ɗaya ce ke yoyo. Tare suka tsufa.

Ɗaurawa

Ko bakanike zai yi maka, zauna a wurin. Rabin sil ɗin da ake zagi da jabu, wurin bugawa aka kashe shi.

Kafa babur a tsayuwar tsakiya, ka sa bulo da katako ƙarƙashin injin har tayar gaba ta bar ƙasa. Shimfiɗa kwali ko buhu, kada wani abu na cikin shoka ya taɓa rairayi. Tun shoka na ɗaure a wuyan babur, sassauta babban notin saman kowace sanda, sassautawa kawai. Cire wayar birki da ta sifido, zare shaf, fitar da taya da madigad. Leƙa ƙarƙashin kube, inda shaf ya fita, za ka ga ƙusa mai kan alanki. Karya ƙarfinta yanzu, tun sifirin na danne da abin da ke ciki, in ka bari sai ka kwance komai za ta yi ta juyawa da kai ba ta fita. Sa alama a inda sanda ta tsaya a maƙalli, ka saki ƙusoshin maƙalli, ka zaro ƙafar ƙasa.

Ƙafa ɗaya-ɗaya za ka yi, ɗayar na nan a haɗe ta zama maka abin dubawa. Kwance notin sama kana danne shi da tafin hannu, fuskarka a gefe, sifirin na bayansa. Zaro sifirin ka lura da gefen da ke sama. Juye man a gwangwani, kana danna sanda har ya tsane. Fitar da ƙusar ƙasa, ka adana 'yar washar tagulla da ke jikinta. In ta ƙi, feƙe bakin sandar mofa ta goge ɗaki ka zura ta sama ka danne abin da ke ciki. Sanda za ta zaro. Wasu tsofaffin Yamaha da Suzuki sifirin ɗinsu a waje yake, sil kuma na cikin wani zobe mai zare da ake murɗewa, nan sai a naɗe zoben da tsohon tib kafin a kama shi, kada a tauna shi da filaya.

Cire robar ƙura, cire kilif. Tsohon sil ya shekara a wurin, ba zai fito da lallami ba. Tsoma bakin kube a ruwan zafi na 'yan mintuna, alminiyon ya buɗa. Ɗora tsumma ko guntun katako a gefen bakin, ka sa ƙarfen cire taya ƙarƙashin sil ka ɗaga kaɗan, ka matsa gaba ka ɗaga kaɗan, har ka zagayo. Wanda ya sa sukundireba ya yi ta ƙwaƙula zai karce bangon rami, mai ya riƙa bi ta bayan sabon sil. Wanke komai da kananzir har baƙin taɓon gindin kube ya fita, ka bar shi ya bushe.

Mayar da sanda cikin kube ka ɗaure ƙusar ƙasa da washarta. Rufa wa kan sanda ledar burodi, ka shafe ta da man shoka, ka shafe leɓen sil, sannan ka zura shi ta kan ledar. Ledar ce ke kare leɓe daga kaifin bakin sanda. Fuskar da ke da lamba tana kallon sama, buɗaɗɗen gefen yana kallon mai. Sauke shi har bakin rami, ka ɗora tsohon sil a kansa, ka kawo guntun fayif ɗin roba na famfo wanda sanda ke shiga cikinsa, ka riƙa bugawa a hankali, daidai ta kowane gefe. Sautin zai sauya in ya kai ƙasa. Cire tsohon, ka duba layin kilif ya bayyana duk zagaye, ka sa kilif ka ji ya faɗa. Guduma ko sukundireba kai tsaye a kan sabon sil, ko maigidan garejin ne ya ɗauko, ce masa, "Maigida, don Allah a sa fayif."

Mai da abin da ya biyo baya

Baƙin man da aka juye daga injin, wanda wasu ke ɗurawa a shoka, datti ne da garin ƙarfe, shi ke cin sabon leɓe. Giya-oyil mai kauri da ake zubawa wai don a rage yoyo yana sa shoka ya sandare. In ka samu man shoka mai lamba 10W, shi ne. In babu, man giyar mota mai canja kanta, jan nan da ake kira ATF, ya wadatar, tsofaffin littattafan Honda da yawa ma shi suka rubuta.

Yawansa ya danganta da babur, a ƙananan nan bai cika kai rabin kwalbar lemo a kowace ƙafa ba. In kana da littafin babur ɗin, bi shi. In babu, ƙafar da ba ta yoyo ita ce malamarka: kafin ka juye ta, cire sifirin, danna sanda har ƙasa, ka zura tsinke mai tsabta ka auna daga bakin sanda zuwa saman mai. Wannan awon za ka cika wa duka biyun, da babban sirinji daga kemis, kana danna sanda a hankali iska ta fita kafin ka auna. Cikawa fiye da kima na fasa sabon sil.

Wurin haɗawa, kada ka ƙulle ƙusoshin shaf da na madigad sai ka sauke babur ƙasa, ka kama birki ka danna gaba sau biyar ko shida ƙafafun su daidaita kansu, sannan ka ɗaure. Shu ɗin birki in ya sha mai, canja shi a ranar, ka wanke cikin dram da fetur.

Saura ƙura. Sayi robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe sanda gaba ɗaya, ta baburan yanzu tana shiga tsofaffi da yawa in kaurin sanda ya zo ɗaya. Duba akwai 'yar hudar shan iska a gindinta, ka juya ta baya. Ranar farko za ka iya ganin ɗan danshi a sanda, man da ka shafa ne, goge shi. Bayan sati ɗaya ɗaga robar ka bi sandar da farar takarda. In ta fito a bushe, ɗauko alƙalamin maka ka buɗe murfin gefe na babur, ka rubuta lambobin uku a cikinsa, da awon mai, da watan da ka canja.